Nasiha ga matasanmu da ke gurufan ƙwararru na duniya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau da ku nake matasanmu na Kano da Allah ya buɗa wa ido kuka shiga gurufan sana'a na duniya a LinkedIn da Telegram da WhatsApp, masu haɗa manhaja da ma'aikatan jinya da masu fassara da sauransu.

Wallahi abin yana damuna, sabon shiga zai turo tambaya, ƙila daga Indonesiya yake ko Kenya ko nan maƙotanmu Nijar, Turancin nasa bai nuna ba, sai kaga an sa masa alamar dariya ko a ce je ka Google, ko a share shi kamar ba a gani ba, har da namu a masu yin hakan, alhali jiya jiya mu ma haka muka shigo muna lalube.

Ku tuna Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho ne ya zo neman sani lokacin Annabi (SAW) yana fama da manyan Ƙuraishawa ko za su musulunta, a kansa Allah ya saukar da farkon Suratu Abasa. Mai tambaya fa yana da daraja a wajen Allah. Kuma kar wani ya ce ai ba musulmi ba ne, a Baƙara aya ta 83 cewa aka yi a faɗa wa mutane kyakkyawar magana, mutane aka ce.

Mu da muka gaji saukar baƙi. Larabawan Tarabulus da Buzayen Agadas masu gishirin Bilma a da a wajen fatoma, wato mai masaukin fatake, suke sauka idan sun zo kasuwar Kurmi, ya ba su ɗaki ya yi musu tafinta ya haɗa su da masu saye. To guruf ɗin nan ma kai ne fatoman wanda ya shigo bayanka.

Dan Allah ka yi masa maraba da sunansa, ka nuna masa ƙa'idar wajen, in ya yi kuskure ka bi shi ta gefe ka gyara masa. In an sa taron Zoom kar a kwaikwayi harshensa, kuma a duba agogonsa, Indiya ta riga mu da awa 4 da rabi. In kuma mace ce ta shigo, aiki ya kawo ta, a ji tsoron Allah a bar binta da saƙo tsakar dare.