Maganin ƙanjamau da almakashin da aka toshe wa baki

Jiya a majalisa wani ya ce tun da magungunan ƙanjamau ba sa kashe cutar kwata-kwata, to kasuwanci kawai Turawa ke yi da mu. Na yi shiru, amma maganar ta kwana a raina.

Ƙwayar HIV ba ta hayayyafa sai ta shiga cikin ƙwayoyin garkuwar jiki, kuma tana da 'yan aiki uku da masana ke kira enzayim. Ɗaya yana kwafe bayanan gadonta, ɗaya yana liƙa kwafin a cikin namu, na ukun kuwa, furotiyes, almakashi ne. Shi ke yanka doguwar sarƙar furotin gunduwa-gunduwa kafin sabuwar ƙwayar ta ƙosa har ta iya kama wata.

Labarin almakashin nan ya fi burge ni. A 1989 masana suka gano siffarsa dalla-dalla, har da ramin da yake riƙe abin yanka. Sai suka zauna suka ƙera wani abu mai kama da abin yankan sak, amma ba ya yankuwa. Kamar ka cusa wa almakashin tela ƙusa a madadin yadi, ya cije ya tsaya cak. Saquinavir ne na farko, Amurka ta amince da shi a ƙarshen 1995. Wani magani mai suna AZT ya riga shi tun 1987, sai dai shi kaɗai ƙwayar kan saba da shi da wuri. Da aka fara haɗa magunguna uku a 1996, mutanen da aka riga aka fidda rai da su suka miƙe suka koma bakin aiki.

Dalilin haɗa magunguna ukun shi ne mai kwafen nan ɗan garaje ne, kullum cikin kuskure, kuma wani kuskuren kan sauya siffar ramin har magani ya daina shiga. Wanda ya sha yau ya tsallake kwana huɗu don ya ji ƙarfi, ko don wani mai magani a tasha ya ce ya wanke shi tas, fili ya ba ƙwayar cutar. Ko ƙwayar TLD da ake bayarwa yanzu a asibitocinmu, guda ɗaya a rana, magunguna uku ne a dunƙule, ciki har da dolutegravir mai toshe ɗan liƙawar.

Kasuwanci kam an yi shi, ban musa ba. A 2000 maganin shekara ɗaya ya haura dala 10,000, sai a 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai bayar a dala 350. Da abokin majalisarmu nan ya kama, da na goya masa baya.