Ilektrod ya mutu, ni kuma ake tuhuma

Wallahi na gaji. Wata huɗu ke nan ina rubuta buƙata ɗaya: a sauya mana ilektrod, wato sandar na'urar auna sinadarin fulorayid a ruwan sha, a kawo ruwan TISAB da ake haɗawa da samfur kafin awo, a gyara na'urar sanyaya ɗakin gwaji. Ko tari babu wanda ya yi. Amma ranar da sakamakonmu ya saɓa da na wani ɗakin gwajin, nan take aka kira ni ofis, wai hannuna ne bai faɗa ba.

Hannuna? To ku zo ku tsaya a bayana ku gani. Lafiyayyen ilektrod, in ka tsoma shi a ruwan saiti, wato ruwan da aka san adadin fulorayid ɗinsa, mai miligiram 1 a lita, ka ɗauraye, ka mayar da shi mai miligiram 10, tazarar da zai nuna kusan milibolt 59 ce a zafin digiri 25. Ƙa'idar Nernst ce, ba ni na ƙago ta ba. Namu 48 yake bayarwa. Ɗan dutsen lantanam fulorayid da ke bakinsa ya dushe, duk ƙarzuwa. Sai in zuba wa allo ido minti goma, lamba tana ta rarrafe, ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Wacce zan rubuta?

Ga zafi kuma. Da safe in saita na'ura da sanyin ɗaki, kafin rana ta take wurin ya koma tanda, saitin ya tashi a banza, domin dole ruwan saiti da samfur su kasance a zafi ɗaya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne TISAB. Da na kira kamfanin da ke kawo mana kaya, buɗar bakin wakilinsu sai ya ce mu yi maneji da tataccen ruwa kafin kaya su iso. Maneji! Mutumin da ke sayar da abu bai san amfaninsa ba. Ilektrod ba ya ganin duk fulorayid ɗin da ke cikin ruwa, wanda yake sake kawai yake ji. In akwai alminiyam ko ƙarfe, sai su riƙe shi, na'ura ta nuna ƙasa da gaskiya. In tsami ya yi yawa, fulorayid ya ɓuya. In ruwan ya karkata ɓangaren alkali, haidiroksayid ya shiga lissafi kamar shi ne fulorayid. TISAB ne ke tsayar da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 5 da 5.5, ya kwance abin da aka riƙe, ya daidaita ƙarfin gishirin samfur da na ruwan saiti. Da me tataccen ruwa zai yi wannan aikin?

Masu cewa ai milibolt biyu ko uku ba komai ba ne, su sani kuskuren milibolt 1 kusan kashi 4 cikin 100 ne a sakamako. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar fulorayid a ruwan sha miligiram 1.5 a lita. Kaucewar milibolt 3 ta isa ta mayar da 1.6 ta koma 1.4, in rubuta cewa ruwa lafiya lau, yara su yi shekaru suna sha, haƙoransu su yi dabbare-dabbare. Sunana ne a ƙasan takardar, ba na wanda ya hana kayan aiki ba.

Kwalabe goma sha biyu na nan jere a kan tebur tun jiya. Na faɗa wa shugaban sashe baki da baki: ba zan sa hannu a ko ɗaya ba sai sabon ilektrod da TISAB sun shigo ɗakin nan.