Na Biya Kuɗi Yarana Suka Kalli Azabar Dabbobi

Tun ranar uku ga ƙaramar sallah abin nan yake cin raina, na kasa haɗiye shi. Yara uku na kwasa, biyu nawa, ɗaya na ƙanwata, muka tafi wata gona da aka buɗe a bayan gari a nan yankinmu na Kazaure, inda aka ce yara za su ga dabbobi, su taɓa su, su hau jaki. A da gidan zoo na Audu Bako da ke Kano nake kai su yawon sallah, amma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin motar mutum huɗu zuwa da dawowa ya fi ƙarfina. Da na ji an yi wani a kusa har addu'a na yi wa mai shi. Naira 500 kowane kai, na biya ban yi ciniki ba.

Abin da ya fara tarbar mu wari ne. Ni makiyayi ne ɗan makiyayi, ina da tumaki a gida, na san warin turke. Wannan warin wurin da aka yi makonni ba a share ba ne. Ga rana ta bazara, irin wadda zafi ke haura 40, babu rumfa ko ɗaya sai wani guntun kwano da aka kifa wa mai karɓar kuɗi. Kwamin ruwan awaki ya ƙafe, gansakukar da ke ƙasansa har ta bushe ta tsattsage.

Sai jakin. Wallahi jakin nan shi ya hana ni barci. Yara sun yi layi ana ɗora su bibbiyu, wani yaro yana binsa da tsumagiya. Da aka sauke wasu, tsohon buhun da aka shimfiɗa masa a madadin akumari ya zame, sai ga gyambo a gadon bayansa kamar faɗin tafin hannuna, ja jawur, ƙudaje sun yi masa baƙi. Aka ja buhun aka rufe, aka ce saura wa? 'Yata mai shekara 6 ta riƙe rigata ta ce, "Baba, ni na fasa hawa, ciwo gare shi." Yarinya ta gani, manyan da ke karɓar kuɗi ba su gani ba!

Na kira saurayin da ke kula da wurin na ce, "Samari, ka ga bayan jakin nan kuwa? Ku sauke masa mana, ku wanke ciwon ku sa magani." Ya dube ni ya ce, "Malam, ai dabba ce. Kuma Alhaji ya ce sai an gama sallah za a huta." Alhajin yana birni, sai dai a aika masa ciniki da yamma.

Ai dabba ce? A wace makarantar allo aka koya mana haka? Tun muna yara muka haddace hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, ta ɗaure ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nemi na bakinta ba. Mun kuma san na mutumin da ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da kare, Allah ya gafarta masa. Duk abin da ka tsare, ci da shansa sun hau wuyanka. A ƙauyenmu mai jakin da ya fi kowa talauci ba ya ɗora mangala a kan gyambo, don ya san za a yi da shi a majalisa.

Wajen zomaye ma ba a cewa komai. An bar yara su zura hannu su sungumi zomo ta kunne, yana ta harbin iska suna shewa. Zomo ba ya gumi, ta kunnuwan nan yake rage zafin jikinsa, kuma ƙashin bayansa ba ƙwari gare shi ba, in ya yi harbi da ƙarfi yana rataye zai iya karyewa. Biyu sun miƙe a lungun keji baki buɗe suna haki. Kunkuru kuwa an huda gefen ƙoƙon bayansa an zura waya an ɗaure da turke, alhali ƙoƙon nan jikinsa ne, yana jin zafi a wurin. Biri an ɗaure shi da igiyar leda a ƙugu har gashin wurin ya ƙoƙe, samari suna miƙa masa rake suna janyewa. Jimina ɗaya tal aka kulle a shingen da bai kai ɗakin amarya ba, tsuntsun da aka halitta don gudu a fili, tana ta caccakar ledar ruwa da aka watsar.

Ga lafiyar yaran kansu. Ko buta ba a ajiye ba, balle sabulu. Yaro ya shafa akuya mai ƙazuwa, ya damƙi agwagwa, ya juya ya sayi awara a bakin ƙofa ya kai baki da hannun nan. Duk wanda ya ga yadda murar tsuntsaye ta yi wa gonakin kaji a Kano a 2006, aka riƙa kashewa ana binnewa, ba zai cakuɗa talo-talo da zabi da tattabaru da yara a wuri ɗaya babu ko ruwan wanke hannu ba.

Kuma me zai ci a gyara? Rumfar zana da 'yan azara, jarkoki biyu na mai garuwa safe da yamma, dusa da harawa, sai malamin dabbobi ya leƙo ko sau ɗaya a wata. Cinikin yini guda na sallah ya isa ya yi duk wannan har a yi saura. Na ƙirga sama da mutum 100 a ɗan zaman da muka yi. Ba rashi ba ne, rashin tausayi ne da son kuɗi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ɗan ƙanwata. Da muka dawo gida na same shi ya kama ɗan akuyarmu ta kunne yana ja, yana dariya, wai haka ake yi a gona. Shekara da shekaru muna koya musu su zuba wa dabba ruwa kafin su karya kumallo, yini ɗaya ya rushe mana, kuma da kuɗina.

Kafin mu fito na sayi ledar ruwa biyar na farke na juye wa jakin a wani tsohon kwano. Bai ɗago kai ba sai da ya shanye, ya ci gaba da lasar ƙasan kwanon. Na kai maganar wurin mai unguwa, na kuma samu malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, ya ce zai je. Ranar Asabar zan raka shi da ƙafata, kuma buhun nan zan fara ɗaga masa.