Ga mai ɗora hoton kawuna

Wani ya tashi da sassafe yana ɗora hotunan taron kallon muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa, wai shi mutane ya tara, wasu kuwa "kujeru suka tara". Madalla. Ban kama suna ba, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Tunda hoto ba ya ɗaukar sauti, bari a faɗi abin da ya ɓoye.

Ranka ya daɗe, hoto da murya daga wuri ɗaya ake ɗaukarsu. In daga dikoda aka ja hoto zuwa majigi, daga bayan dikodar nan ake jan waya mai kai ja da fari zuwa amfilifaya. A wani wuri kuwa da aka nemi wayar aka rasa, sai aka buɗe tashar a YouTube a wayar wani yaro, aka jona da lasifika. Abin da ke biyowa ta intanet makara yake yi, yakan bi bayan na dish da daƙiƙa 20 ko 30. To ga fuskar gwaninku ta cika kyalle, ga muryar abokin karawarsa tana ƙarasa caccakarsa a lasifika. Yaran da aka ce wa "da kun ga fuskarsa ku tafa" suka cika umarni. Aka tafa wa abokin hamayya. Ba sau ɗaya ba, har da guɗa.

Sai wuta. Majigi na cin wajen wat 300, amfilifaya mai lasifika biyu ta kusa 500, ga ƙwayaye, ga masu lallaɓowa su soka cajar waya. Ɗan ƙaramin janareta Tiger ba ya jan wannan kaya, shi ya sa yake ta shaƙewa. Janareta mai 2.5kVA ake nema, da mai lita biyar don a samu rara, a ajiye shi kamar taku 20 daga jama'a, inda iska ba za ta kaɗo hayaƙi ba. Kuma da shi ake farawa tun daga buɗe taro, ba a jira sai an ɗauke wuta. Majigi in ya mutu da zafinsa sai ya huce kafin ya sake kamawa, kafin nan an wuce tambaya guda. Ga hunturu: wanda bai kakkaɓe matacin ƙurar majigi ba, zafi zai kashe masa shi ana tsaka da kallo, ko da wutarsa ƙalau take. Duk wani yaron gidan kallon ƙwallo daga Kawo zuwa Rigasa a Kaduna ya san wannan. Mai gidan tafi ne kawai bai sani ba, kuma girman kai ya hana shi tambaya.

Da Turanci ake muhawarar nan, ga dattawa da iyayenmu mata an kwaso su cikin sanyi. Haƙƙinsu ne a tanadi tafinta da makirufonsa daban, a rage lasifika lokacin talla ko lokacin da mai gabatarwa ke sauya tambaya, ya taƙaita abin da kowane ɗan takara ya ce, naka da wanda ba naka ba. Ku kuwa maroƙi kuka miƙa wa makirufo. Shi ma fuska yake bi, shi ma ya wasa maganar abokin hamayya.

Ko hayar rumfa ba a biya sai an tabbatar gwani zai hau dandali. A 19 ga Janairu 2019, a Transcorp Hilton da ke Abuja, Buhari da Atiku ba su tsaya a muhawarar ba, Oby Ezekwesili da Kingsley Moghalu da Fela Durotoye ne suka yi ta su uku. Masu lura tun lokacin suka ɗauki darasi. Wasu har yau fosta suke fara bugawa.

Eh, kujerunmu ba su kai naku ba, sai me? Mu ba mu aika motar haya unguwanni ba, ba mu raba kuɗin shayi a bakin ƙofa ba. Tsayar da duk wanda ya zauna a wajenmu ka tambaye shi me aka ce kan tsaro, me aka ce kan kuɗin mai, zai ba ka amsa. Tsayar da naka, abin da zai tuna tafin da ya yi wa abokin hamayya. Wallahi da ka yi shiru da babu mai tono wannan, amma mutum ya kwashe shekaru yana aron kayanmu, yau don ya samu hula mai tambarin jam'iyya shi ne zai buɗe baki ya kira mu masu jera kujeru? Haba malam!

Mai rumfa dai yana nan yana sintiri a kan cikon kuɗinsa. Sannan doguwar wayar wuta mai mita 30 da aka aiko yaro ya ara da la'asar, a dawo da ita kafin Juma'a, a naɗe yadda aka karɓe ta.