Gatse ne ake yi, ba a yi wa talaka dariya ba

Ɗalibai da yawa in suka karanta labari mai ban dariya a kan yunwa ko mutuwa, sai su ce marubucin ba shi da imani. Yawanci gatse ne, irin na uwar da ta ga ɗanta da wuƙa ta ce, "Ci gaba da wasa da ita, ai ba ta yanka."

A 1729 Jonathan Swift, babban limamin coci a Dublin, babban birnin Ireland, ya rubuta ƙasida yana ba da shawara wai matalautan Ireland su riƙa sayar wa masu kuɗi jariransu 'yan shekara ɗaya a ci. Har da lissafin nauyi da farashi, da ko a gasa ko a dafa, cikin natsuwa kamar mai rubuta rahoton ofis. Wannan natsuwar ce ke tayar da tsigar jiki. Masu filaye yake yi wa gatsen, waɗanda suka tatse manoma da kuɗin haya. Ya ma ce tunda sun riga sun cinye iyayen, su suka fi cancanta da 'ya'yan.