Ƙarfin Halin Kirista Ba Rashin Jin Tsoro Ba Ne

Yana damuna in ji ana cewa Kirista mai bangaskiya ba ya jin tsoro, wai duk wanda gabansa ya faɗi, bangaskiyarsa ce ta raunana. Masu faɗar haka suna so ne su girmama ikon Allah, na gane. Amma Littafi Mai Tsarki bai ce haka ba. Dubi Bitrus, almajirin Yesu: a daren da aka kama Yesu, sau 3 ya yi musun saninsa. Shi ɗin ne kuma, cikin Ayyukan Manzanni sura ta 4, ya tsaya gaban majalisar Yahudawa ya ƙi yin shiru. Da aka sake su shi da Yohanna, me 'yan'uwa masu bi suka roƙa? Ƙarfin halin yin magana. Da suna da shi a aljihu, ai da ba su roƙa ba.