Nasiha ga matasa: rabin labarin Japan da ba ku yaɗawa

Assalamu alaikum, 'yan'uwana matasa.

Tun daga gasar cin kofin duniya ta 2022 a Qatar, lokacin da 'yan kallon Japan suka tsaya bayan sun doke Jamus suna tsince shara a filin wasa, da wuya wata ya wuce ban ga ɗayanku ya yaɗa bidiyo a kan ƙasar ba, sannan ya ɗora da cewa mu kam ba za mu taɓa gyaruwa ba. Ba na musun abin da kuke gani. Gaskiya ne a makarantun Japan ɗalibai ne ke share azuzuwansu da goge dandamali da hannunsu. Gaskiya ne a 2017 kamfanin jirgin ƙasa na Tsukuba Express ya fito ya ba jama'a haƙuri saboda wani jirginsa ya tashi daƙiƙa 20 kafin lokacinsa. A Tokyo kaɗai, kuɗin tsintuwar da mutane suka kai wa 'yan sanda a 2023 ya haura yen (kuɗin Japan) biliyan 4, kuma mafi yawansa ya koma hannun masu shi. Ƙasar da aka ragargaza a 1945, aka jefa wa biranenta biyu bam ɗin nukiliya, ita ce ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik a 1964, kuma a shekarar ta ƙaddamar da jirgin ƙasa mai gudun tsiya tsakanin Tokyo da Osaka. Duk wanda ya raina wannan bai yi adalci ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kuna yaɗa rabin labari, kuma rabin da kuke bari shi ne ya fi damun su kansu Japanawan. Yawan al'ummar ƙasar ya kai ƙololuwa wajen 2008, da mutum kusan miliyan 128, daga nan yake raguwa. A 2024 jariran da 'yan ƙasa suka haifa ba su kai 700,000 ba, karo na farko tun da aka fara ƙididdiga a 1899, alhali waɗanda suka mutu a shekarar sun kai kimanin miliyan 1.6. Kusan kashi 29 cikin 100 na mutanen ƙasar sun kai shekara 65 ko sun wuce. Gidaje kimanin miliyan 9 ne ke zaune babu kowa a ciki, da yawansu iyaye sun mutu sun bari, 'ya'ya kuma ba sa so. A watan Janairun 2023 Firaminista na lokacin, Fumio Kishida, ya shaida wa majalisa cewa ƙasar tana bakin gaɓar kasa tafiyar da al'amuranta na yau da kullum saboda ƙarancin haihuwa. A ƙauyen Nagoro da ke tsibirin Shikoku, wata mata mai suna Tsukimi Ayano ta riƙa ɗinka mutum-mutumi na tsumma tana ajiyewa a madadin waɗanda suka mutu ko suka yi ƙaura, har suka ninka mutanen garin sau da yawa, kuma su ne ke zaune a kan kujerun makarantar da aka rufe saboda babu yara.

Amma ba ƙididdigar haihuwa ce ta fi tsaya mini a rai ba. Abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda tsofaffi ke mutuwa. A unguwar Tokiwadaira da ke birnin Matsudo, kusa da Tokyo, akwai rukunin dogayen gidajen haya da aka gina wa ma'aikata a wajen 1960. A farkon shekarun 2000 aka buɗe wani ɗaki a can aka tarar da ƙasusuwan wani mutum da ya yi shekara uku da mutuwa. Babu wanda ya yi cigiyarsa. Kuɗin haya da na wuta da na ruwa banki ke cirewa kai tsaye daga asusunsa kowane wata, saboda haka a kan takarda mutumin yana raye kuma mai cika alkawari ne, sai da kuɗin suka ƙare sannan aka zo ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabtansa na sama da na ƙasa suna nan duk tsawon lokacin, suna wucewa ta bakin ƙofarsa safe da yamma. Wannan irin mutuwa har suna suka sa mata, kodokushi, kuma hukumar 'yan sandan ƙasar ta ce a 2024 mutum fiye da 76,000 da ke zaune su kaɗai ne aka tarar sun mutu a gida, akasarinsu tsofaffi, dubbai daga ciki sai bayan fiye da wata guda aka gano su. Akwai kamfanonin da sana'arsu kenan: su shiga irin waɗannan ɗakuna da kayan kare fuska, su ɓamɓare dandamalin da gawa ta narke a kai, su kashe wari, su tattara hotuna da takardu ko za a samu wani ɗan'uwa mai so. Masu gidaje da yawa ba sa son bai wa tsoho mai zaman kaɗaici haya, saboda idan ya mutu a haka kuɗin hayar ɗakin faɗuwa yake yi.

Ina roƙonku kada ku yi saurin cewa ai mutanen ne marasa imani da tausayi, domin wannan amsa ce ta mai son ya huta da tunani. Japanawa suna da tsohuwar al'adar girmama iyaye da kakanni, har a watan Agusta suna da bikin Obon da mutane ke cika jirage su koma garuruwansu don ziyartar kaburburan magabata. Abin da ya faru ya zo ne sannu a hankali, kuma kowane mataki yana da hujjarsa mai kyau. Bayan yaƙi matasa suka bar ƙauyuka suka kwarara birane neman aiki. Gidajen da aka gina musu ƙanana ne, na miji da mata da 'ya'ya biyu, babu ɗakin kaka. Kamfani ya zama shi ne dangi: shi ke ba mutum aiki har ya tsufa, shi ke ba shi abokai, da abokan aikin yake cin abincin dare da hira. Magidanci ya fita da asuba yara suna barci, ya dawo sun yi barci. Ranar da ya yi ritaya sai ya ga bai san kowa a unguwarsa ba, 'ya'yan sun tafi wani birni suna irin rayuwar da ya yi, idan kuma matar ta riga shi mutuwa ko aure ya mutu, shi kenan babu mai leƙa shi. A kan wannan kuma aka ɗora tarbiyyar da ake yi wa yaro tun yana ƙarami cewa kada ya zame wa kowa nauyi. Tarbiyyar da ta sa suke tsince shara a filin wasa ita ce kuma ke hana tsoho mara lafiya ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinsa ya ce a taimake shi.

Ku dubi irin maganin da suka nemo. Kamfanin Zojirushi ya ƙera wata butar lantarki ta dafa ruwan shayi wadda ke aika saƙo zuwa wayar ɗa ko 'ya a wani birni a kan lokutan da tsohuwa ta yi amfani da ita, ta yadda idan aka ga ba ta taɓa ta ba za a san akwai matsala. Matan da ke kai madarar Yakult gida-gida sun zama masu duba ko tsoho yana nan da rai. Gidan waya ma yana da tsarin da ake biyan kuɗi duk wata ma'aikaci ya je ya gaishe da iyayen mutum ya aiko masa da rahoto. A 2021 gwamnati ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici, Tetsushi Sakamoto. Ban raina ko ɗaya daga cikin waɗannan dabaru ba, kuma sun ceci rayuka. Sai dai duk ƙoƙari ne na sayen abin da a da maƙwabci da jika ke yi kyauta.

Su ma matasan can ba su tsira ba. Matsuri Takahashi yarinya ce 'yar shekara 24 da ta gama Jami'ar Tokyo ta samu aiki a Dentsu, babban kamfanin tallace-tallace na ƙasar, irin aikin da kowane uba zai yi alfahari da shi. A watan Disambar 2015 ta kashe kanta, kuma hukumar ƙwadago ta tabbatar da cewa aiki ne sanadi, bayan an gano ta yi ƙarin aiki na fiye da awa 100 a wata guda. Shugaban kamfanin ya yi murabus, kotu kuma ta ci kamfanin tarar yen 500,000 kacal. Sai a 2019 dokar ƙayyade ƙarin awoyin aiki ta fara aiki, ita ma ta bar ƙofar a kai kusan awa 100 a wata idan aiki ya matsa. A ɗaya gefen kuma akwai waɗanda suka janye gaba ɗaya, suka kulle kansu a ɗaki wata da watanni ko shekaru, waɗanda binciken gwamnati na 2023 ya ƙiyasta sun kai kusan miliyan 1.46. Wasunsu sun fara suna samari, yanzu sun kai 50, iyayensu 'yan shekara 80 ne ke ciyar da su.

Batun aure kuma ba ƙin aure ne kawai ba. Bayan tattalin arzikin ya durƙushe a farkon shekarun 1990, kamfanoni suka rage ɗaukar ma'aikatan dindindin, har yanzu fiye da kashi ɗaya cikin uku na ma'aikata aikin kwantiragi ko na wucin gadi suke yi, kuma namijin da ba shi da tsayayyen albashi da wuya ya samu mata. Ƙidayar 2020 ta nuna kimanin kashi 28 cikin 100 na maza da kashi 18 na mata sun kai shekara 50 ba su taɓa aure ba. Duk wanda ya san yadda lefe da kayan ɗaki da kuɗin haya suka zaunar da samari da 'yan mata a garuruwanmu ba zai ji labarin nan ya yi masa nisa sosai ba.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya ce to ashe mu ne da gaskiya. Al'ummar da ke haihuwa ta saki yara a titi da ƙoƙon bara ba ta da bakin yi wa kowa gori. Cika lokaci, riƙon amana, tsafta da ƙware wa sana'a abubuwa ne da addininmu ya riga ya umarce mu da su, kuma babu wanda zai jira gwamnati kafin ya daina zuwa wurin alkawari a makare ko zubar da shara a kwata. Ku ɗauki waɗannan da hannu biyu. Gargaɗina shi ne hanyar da ta kai tsohon Tokiwadaira inda ya ƙare tana buɗe a gaban da yawanku, kuma kun fara takawa. Wanda ya samu aiki a Abuja ko Legas ya tare a gida mai katanga da get, ya shekara bai san sunan maƙwabcinsa ba, yana kiran hakan ci gaba. Wanda ya tura wa mahaifiyarsa kuɗi ta waya a ƙarshen wata yana jin ya sauke farali, alhali rabonsa da ya zauna a gabanta tun sallar bara. Ta'aziyya ta koma rubuta layi ɗaya a WhatsApp. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ke son a yalwata masa arzikinsa a jinkirta masa ajalinsa, to ya sada zumuncinsa. Mai shekara 30 ba ya jin amfanin wannan, domin yana da lafiya da albashi da abokan ofis, kamar yadda magidantan Japan na 1970 ke da su.

Saura masu mafarkin tafiya can, su ma ina da magana da su. A watan Agustan 2025, a taron Japan da ƙasashen Afirka da aka yi a Yokohama, JICA, hukumar Japan mai kula da tallafa wa ƙasashen waje, ta haɗa birnin Kisarazu da Najeriya a wani shirin musayar al'adu, sai sanarwa ta fito daga Abuja cewa za a buɗe wa 'yan Najeriya wata biza ta musamman. Gwamnatin Japan ta musanta, mazauna ƙasar suka yi ta kiran ofishin birnin suna ƙorafi, kuma kafin ƙarshen Satumba aka janye shirin ɗungurungum. Wata guda kafin taron, jam'iyyar Sanseito mai taken fifita Japanawa ta ci kujeru 14 a zaɓen majalisar dattawa. Ƙasar tana buƙatar ma'aikata ƙwarai, musamman masu kula da tsofaffi, amma jama'arta da yawa ba su shirya zama da baƙi ba, kuma bizar ƙwararrun ma'aikata da aka fara bayarwa a 2019 sai an ci jarrabawar harshen Japananci da ta sana'a. Duk dillalin da ya ce ku kawo kuɗi zai shigar da ku ta wata ƙofa ta daban, ku riƙe kuɗinku. Musulmin da ya ƙudura zama can kuma ya san cewa fiye da kashi 99 cikin 100 na gawarwaki ƙona su ake yi, maƙabartun da ke karɓar binnewa irin tamu ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma ƙoƙarin buɗe sababbi a Oita da Miyagi ya ci karo da adawar mutanen yankunan.